Madalla da Sana'ar da Fasfo Ya Fi Digiri

Mai alheri a gode masa tun yana raye, shi ya sa yau na ga ya dace a yaba wa sana'ar koyar da Turanci a ƙasashen waje, wadda masu ita suke kira TEFL. Duk faɗin duniya babu sana'ar da ta kai ta sauƙin kai da tausayin bayin Allah. Likita sai ya shekara shida yana ƙona ido a kan littafi kafin a yarda ya ɗora hannu a kan mara lafiya. Malamin firamare a Najeriya sai ya shekara uku a kwalejin ilimi yana neman NCE, ya je aikin gwaji a aji, ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, sannan ya shiga layin jiran albashin da ba ya zuwa a kan lokaci. Ita kuwa wannan sana'a mai albarka ta duba duk wannan wahala ta ce ɓata lokaci ne, awa 120 ta wadatar. Saurayi ya zauna gaban kwamfuta a ɗakinsa a Ingila ko Amurka, ya biya kuɗi, ya danna amsoshi, takardar shaida ta fito, shi ke nan an yi malami. Wanda ya so ya wahalar da kansa sai ya yi kwas ɗin CELTA na Kambirij, wanda shi ne mai daraja a cikinsu: mako huɗu cur, da awa shida na tsayawa gaban ɗalibai na gaske ana duba shi. Awa shida! Allah ya saka wa wannan juriya da alheri. Wurare da dama ma ba sa neman ko wannan. Digiri a kowane fanni ya isa, ko na wasannin motsa jiki ne, ko na tallan kaya.

Kada mai karatu ya ɗauka sakaci ne ya kawo haka. Sana'ar ta gano wani sirri ne da ya ɓuya wa masana ilimi tun zamanin da: malanta ba a makaranta ake samunta ba, a asibitin haihuwa ake rabonta. Abin da ake tambaya shi ne inda aka yanke maka cibiya.

A nan dole a tashi tsaye a gaishe da Koriya ta Kudu, domin ita ba ta yi munafunci ba, ta rubuta abin a doka. Bizar E-2 ita ce ake ba mai koyar da harshe, kuma wanda zai koyar da Turanci da ita sai ya kasance ɗan ɗaya daga cikin ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan, da Afirka ta Kudu. Su ne kaɗai Allah ya sanya wa Turanci a nonon uwa. Najeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, inda da Turanci ake shari'a a kotun ƙoli, da shi ake muhawara a majalisa, da shi yaro ke rubuta jarrabawa tun daga firamare har digiri na uku, ba ta cikin lissafi. Gana ba ta ciki. Kenya ba ta ciki. Jamaika ma, wadda Turanci ne harshen hukumarta da makarantunta ƙarni bayan ƙarni, ba ta ciki, kuma mai hankali ba sai an zana masa abin da ya haɗa Jamaika da Najeriya ba. Indiyawa an ɗan tsaga musu ƙofa a makarantun gwamnati, amma sai bayan da yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu ta fara aiki a 2010. Ashe har bakin mutum yana gyaruwa idan gwamnatinsa ta sa hannu a takardar kasuwanci. Wannan ma ilimi ne da ya kamata a gode wa wanda ya koya mana.

Dubi irin hatsarin da wannan doka ta kare yaran Koriya daga gare shi. Wole Soyinka, wanda aka ba kyautar Nobel ta adabi a 1986 saboda abin da ya rubuta da Turanci, da ya nemi aikin koyar da 'yan shekara bakwai da fasfonsa na Najeriya, da an ba shi haƙuri. Chinua Achebe, wanda ake karanta littafinsa na 1958 a makarantun ƙasashen nan bakwai ɗin kansu, haka. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ne tun asali, ya yi Kwalejin Katsina, ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, kuma daɗin Turancinsa ne ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Shi ma da bai tsallake ba. Amma matashin da ya gama jami'a jiya a Ohayo, wanda bai taɓa riƙe alli ba, an tanadar masa tikitin jirgi da ɗaki kyauta. Ranku ya daɗe masu wannan tsari, kun iya tantance gwani.

Wani zai ce ai ga Afirka ta Kudu nan a ciki, don haka zancen launin fata bai taso ba. Gaskiya ne, kuma an yi tanadin wannan ma. Ana roƙon mai neman aiki ya haɗa da hotonsa, domin sanin kowa ne cewa nahawu a goshi yake bayyana. Dillalan aiki a Sin da Koriya sun sha fitar da talla ƙarara cewa farare kawai ake so, wasu kuma masu kunya sai su ce iyayen yara ne suke da zaɓi, su ba laifinsu ba ne. Baƙar fata ɗan Amurka ko ɗan Afirka ta Kudu, mai fasfon da doka ta amince da shi, yakan tura takardu a yi ta yabonsa, ya tura hoto wayar ta mutu. A kasuwar hatsi ta Dawanau wanda zai sayi buhu sai ya zura hannu ya ɗebo ya murza ya gani. A wannan kasuwa an huta da wannan ƙauyanci: a duba launin buhun, a biya.

Tushen hikimar shi ne imani cewa wanda aka haifa cikin harshe shi ne ya fi kowa iya koyar da shi. Mu gwada abin a gida mu ga kyansa. A tare Bakano a Kantin Kwari, ɗan asali, wanda bai taɓa yin tuntuɓe a Hausa ba, a ce ga Bajamushe yana son ya san me ya sa ake cewa "sun zo" amma a ce "mutanen da suka zo", kuma me ya sa "ya tafi" na farkon zance yake da dogon wasali, na cikin "da ya tafi" kuma gajere. Zai yi dariya ya ce haka ake faɗa. Ya yi gaskiya, haka ake faɗa, kuma Bajamushen zai koma gida yadda ya zo. Wanda zai warware masa shi ne wanda ya zauna ya karanci ƙa'idar, ko wanda shi kansa ya sha wuyar koyon harshen daga waje, ya san inda ƙafa ke zamewa. Malamin Turanci ɗan Zariya ko ɗan Seul ya bi wannan hanya da ƙafarsa. Ya san dalilin da ya sa ɗalibi ke rikita lokutan aikatau, domin shi ma ya taɓa rikita su har ya gano bakin zaren. Sana'ar TEFL ta dubi wannan ilimi ta ga cewa aibi ne. A wurinta wanda bai taɓa koyon wani harshe ba a rayuwarsa shi ne ya fi dacewa ya nuna wa wasu yadda ake koyo. Kai, madalla.

Kuma abin yana da asali, ba haye ba ne. A 1961 aka yi taron ƙasashen renon Ingila kan koyar da Turanci a Makerere ta Yuganda. Masani Robert Phillipson, a littafinsa na 1992 kan mulkin mallaka ta hanyar harshe, ya tsamo aƙidu biyar da ya ce wannan taro ya ginu a kansu: a koyar da Turanci da Turanci zalla, malami na ƙwarai shi ne ɗan asalin harshen, a fara tun yaro yana ƙarami, a yawaita shi gwargwadon iko, kuma idan aka saki harsunan gida suka yi yawa, Turanci zai lalace. Shi Phillipson ya ce duka biyar ɗin ruɗu ne, amma me ya sani? Mu ai mun ga amfaninsu da idonmu. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa ya san tarar da ake ci da bulalar da ake sha idan aka kama ɗalibi yana Hausa ko Fulatanci ko Kanuri a harabar makaranta. An koya wa yaro cewa harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi laifi ne mai hukunci. Wannan tarbiyya ce ta girma, ta sa kwat, ta hau jirgi, ta sauka a Seul da Shangai da Tokiyo.

Can ma ta yi aiki mai kyau. A aji da dama za ka tarar da malamai biyu. Ɗaya baƙo ne, ba ya jin harshen yaran, yana tsaye a gaba yana waƙa da tafi. Ɗayar 'yar ƙasa ce, ita ke fassara, ita ke tsawatar wa yara, ita ke duba aikin gida, ita ke amsa wayar iyaye da dare, kuma a cibiyoyin koyarwa na kuɗi a ƙasar Sin albashinta yakan zama ɗan guntun nasa. Hoton wa aka manna a ƙofar makaranta? Na wanda ya cancanta mana.

Iyayen yaran su ne suka fi ba ni tausayi, kuma a kansu ne wannan sana'a ta fi nuna gwanintarta. Mutanen kirki ne masu son 'ya'yansu su tsere wa talauci, kamar kowane uba a Gusau ko Maraɗi. An gaya musu cewa ƙofar arziki da Turanci ake buɗe ta, kuma ba kowane Turanci ba, na bakin Ba'amurke. A Koriya har suna aka yi wa uban da ya tura matarsa da 'ya'yansa Amurka ko Kanada domin yaran su kama lafazi, shi kuma ya zauna shi kaɗai shekara da shekaru yana aika kuɗi: uba dinya, don yana tashi ya je ya gan su sau ɗaya a shekara kamar tsuntsun ƙaura. A farkon shekarun 2000 jaridu sun ba da labarin iyayen da suke kai ƙananan yara a yanka musu tantanin ƙarƙashin harshe, wai don bakinsu ya iya furta Turanci daidai, har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta sa aka nuna abin a wani fim a 2003. Wuƙa a bakin yaro lafiyayye. Wace sana'a ce kuma ta taɓa samun irin wannan biyayya daga masu sayen kayanta?

Ƙasar Sin ta ƙara wa abin armashi. Da buƙata ta yi yawa, fararen da ake da su ba su isa ba, sai aka gano cewa fari fari ne. Aka ɗebo 'yan Rasha da Yukiren da Sabiya, wasu Turancinsu bai kai na ɗalibin sakandaren Kaduna ba, aka ce idan iyaye sun tambaya ka ce daga Kanada kake. Ɗan Afirka kuwa, idan an rasa yadda za a yi an ɗauke shi, sai a rage masa albashi, a ce ya ce shi Ba'amurke ne, kuma sau da yawa ba za a nema masa bizar aiki ta Z ba. Zai yi ta koyarwa da bizar ɗalibi ko ta kasuwanci, kunnensa a ƙofa, ranar da 'yan sanda suka shigo shi za a tafi da shi, mai makaranta ya biya tara ya nemo wani. A 2018 matasa 51 'yan Afirka ta Kudu suka maƙale a Sin, an karɓe fasfonsu, bayan wani dillali ya kai su koyarwa da bizar da ba ta aiki ba. Sai da gwamnatinsu ta shiga tsakani suka dawo. A Afrilun 2020, lokacin korona, aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a birnin Guwanzu, har wani shagon McDonald's ya manna takardar hana baƙaƙe shiga, daga baya kamfanin ya nemi gafara. Cikin wannan karamci ne dillalai suke gayyatar matasanmu, kuma suna karɓar kuɗin dillanci tun kafin a tashi. Sannunku da taimakon al'umma.

Adalcin sana'ar bai tsaya kan baƙi kaɗai ba, don kada a ce tana da son kai. Shi ma farin yaron da aka ɗauko ana yi masa nasa rabon. An ce masa zai ga duniya, ya biya bashin karatunsa, ya ci daɗi, shi kuma ya yi wa rogo kallon kitse. A Koriya bizarsa a ɗaure take da mai makarantar da ya kawo shi, ɗakin da yake kwana ma na mai makarantar ne, kuma ba ya sauya wurin aiki cikin sauƙi sai da takardar sallama daga hannun wanda yake son gudu daga gare shi. Dokar ƙasar ta ce wanda ya cika shekara ɗaya a aiki yana da haƙƙin albashin wata guda na sallama, sai wasu masu cibiyoyin koyarwa na kuɗi da ake kira hagwon, masu kaifin lissafi, suka lura cewa a wata na goma sha ɗaya ne aibin malami ya fi fitowa fili. Gudun dare, wato malami ya kwashe kayansa ya nufi filin jirgi ba sallama, ya zama sanannen abu a tsakaninsu har yana da suna. Daga 2007 aka wajabta wa masu bizar E-2 gwajin cutar ƙanjamau, alhali ba a nemi haka daga malamai 'yan ƙasa ba. Sai da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke a 2015, kan ƙarar wata malama 'yar Niyu Zilan, cewa wannan wariya ce, sannan aka soke shi a 2017. Ka ga girmamawa: a ɗora hotonka a allon talla, a kuma ɗebi jininka don ba a yarda da kai ba.

A Japan kamfanin Nova, wanda ya fi kowane girma a harkar, ya durƙushe a Oktoban 2007. Malamai baƙi kimanin 4,000 suka wayi gari ba albashi, wasu aka kore su daga ɗakunan da kamfanin yake cire musu kuɗin haya bai biya masu gida ba, ɗaruruwan dubban ɗalibai kuma da suka biya kuɗin darasi tun gaba suka bi iska. A Yulin 2021 gwamnatin Sin ta fitar da dokar rage wa yara nauyin karatu, ta hana malaman da ke zaune a waje koyar da yaranta ta intanet. Dubun-dubatar mutane a Amurka da Kanada da suke tashi da asuba suna koyarwa a kamfanin VIPKid suka ga aikin ya narke cikin 'yan watanni. Su kuwa 'yan Filifin, da suke irin wannan aiki a wasu kamfanoni a kan kuɗin da bai kama ƙafar na Ba'amurke ba, dama an riga an nuna musu matsayinsu.

Sai kuma gwanintar da ta fi burge ni, wadda ta shafe mu kai tsaye. Bayan an hana ɗan Najeriya sayar da Turancinsa, sai aka juyo aka sayar masa da shaidar cewa yana jin Turancin. Wanda ya yi shekara goma sha shida yana karatu da harshen, ya ci shi a WAEC, ya rubuta kundin digiri da shi, idan zai fita karatu ko aiki sai ya biya kuɗi mai tsoka ya zauna jarrabawar IELTS, wadda Cibiyar Al'adun Birtaniya, da aka kafa a 1934, tana cikin masu ita. Sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu. Turancin baƙar fata, ashe, yana da ranar lalacewa, sai an riƙa sabunta shi da kuɗi. Jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa 'yan ƙasarsu wannan gwaji babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. A 2022 wasu matasan Najeriya suka tattara sa hannun dubban mutane suna neman a gyara, aka saurare su cikin ladabi, jerin ya zauna yadda yake. Waɗanda suka shigo ƙasarmu da bindiga suka ɗora mana harshensu, yau su ne suke karɓar kuɗi a hannunmu don su tabbatar ko ya zauna. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Zai zama rashin adalci in gama rabon yabo ban ba mutanen gida nasu kaso ba, don mun yi ƙoƙari ƙwarai wajen koyi. A Abuja da Legas da Kano akwai makarantun kuɗi da suka gane cewa Bature ɗaya a ofishin shugaba ya fi malamai goma masu digiri na biyu jawo iyaye. Ana ware darasi na musamman, da kuɗinsa daban, don a lanƙwasa harshen yaro ya riƙa magana ta hanci kamar ɗan Landan. Uba ya ji ɗansa ya kasa gaishe da kakarsa da Hausa, sai ya yi murmushi ya ce kuɗinsa ba su faɗi banza ba. Malamar da ta koya wa yaron karatu da rubutu, 'yar Funtuwa ko 'yar Bida, tana can tana lissafin yadda albashinta zai kai ta ƙarshen wata. Idan ta gaji ta ce bari ta gwada sa'arta a waje, dillali yana nan yana jiranta da fara'a. Zai karɓi kuɗinta, ya yaba takardunta, ya ce ta turo hoto, sannan ya ba ta shawara irin ta ɗan'uwa: idan an je can, kada ta kuskura ta ce daga Najeriya take.